Ki Je Ki Lallaɓa Su

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, kuma ni ko gaban mutum uku aka tsayar da ni sai muryata ta maƙale a wuya. Amma abin ya tsaya mini a ƙirji, ya ƙi sauka ya ƙi fita, shi ya sa na ari biro. Wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri.

A ofishin Manajan kamfanin mijina abin ya fara. Ɗaki ne mai sanyi kamar cikin firij, ƙasansa tayil fari tas, ga sawun silifas ɗina a kai tun daga ƙofa har gaban tebur. Ina zaune a bakin kujera ina ta ƙoƙarin goge sawun da ƙafata, alhali mijina yana hannun 'yan sanda tun safe.

Maigidana direba ne a kamfanin da ke ba da hayar motoci. Mai hali ya buga waya, a turo masa mota fara ƙal da direba cikin riga shuɗiya, tambarin kamfani a ƙofar mota, tambarin kamfani a aljihun riga. Ni nake wanke rigar, ni nake goge ta. Tun farkon watan yake shigowa gida yana mita a kan burki. "Sai na taka har ƙasa take ji," in ji shi. Ya faɗa wa bakanike, bakanike ya ce a faɗa wa Manaja, Manaja ya ce, "Ka lallaɓa ta zuwa ƙarshen wata." Har abin ya zama wasa a ɗakinmu. In na ce masa ya aiki, sai ya ce, "Mun lallaɓo, ni da mutuniyar."

Ran nan ba ta lallaɓu ba. Ya fita da sassafe ɗauko wani baƙo, a gangaren da ke kaiwa shataletale ya taka burki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Gabansa mutane ne cike suna jiran bas. Ya karkatar da sitiyari gefe, a gefen kuwa akwai wata dattijuwa mai sharar titi, ta sunkuya tana tattara shara. Motar ta haɗa ƙafarta da dakalin titi. Shi ya ɗauke ta ya kai asibiti, daga nan ya kai kansa wajen 'yan sanda.

Direbobi suna kiran Manaja da suna Ba-Damuwa, don ko labarin gobara ka kai masa da kalmar zai fara.

"Ba damuwa, ƙanwata," ya ce da ni. "Mijinki namu ne. Zai fito. Sai dai fitowarsa tana hannun mutanen can na asibiti. In suka ɗaga murya, suka jawo lauyoyi, magana ta tafi kotu, to ni kaina ba ni da ta cewa. In suka kwantar da hankali, mu ma mu yi abin da ya dace. Kin gane?"

Na gyaɗa kai. Ban gane duka ba.

"Mu maza in muka je, faɗa za a yi. Ke mace ce, ga ki da sanyin hali. Ki je ki lallaɓa su."

Ya jawo wata jaka mai tambarin kamfani daga ƙarƙashin tebur. Madara ce a ciki, da lemo, da ayaba, da sabulu.

"Ba sai kin ce ke matar wane ce ba. Ki ce daga kamfani."

"Yallaɓai, ni ban iya magana ba."

"Ai shi ya sa na zaɓe ki," ya ce, yana dariya. Ni a lokacin na ɗauka yabo ne.

* * *

Ɗakin mata na asibitin dogo ne, gadaje hagu da dama, fanka ɗaya a tsakiya tana juyi tana kuka. Gadon dattijuwar na can ƙarshe kusa da taga. 'Yar ƙaramar mata ce, kamar iska za ta ɗauke ta. An ɗora ƙafarta ta hagu a kan matashi, an naɗe tun daga gwiwa, jini ya huda bandejin ya fito. Rigar aikinta mai ruwan lemo tana rataye a ƙarfen gado.

Wata budurwa da ba za ta girme ni ba tana zaune a gefe tana yi mata fifita da kwali, bakinta na tafiya. 'Yarta ce, kitso take yi a kasuwa. Uwar tana kiranta Rediyo.

"Wa kike nema, baiwar Allah?"

"Daga... daga kamfani," na ce.

Ta dubi jakar, ta dube ni, ta dubi ƙafata. "Inna, buɗe ido ki ga ikon Allah! Kamfani ya zo da kansa, sanye da silifas!"

Matar gadon kusa ta yi dariya har tana riƙe ɗinkin cikinta. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Rediyo, rage murya," in ji Inna. "Ba yarinya kujera."

"Ga kujera, ranki ya daɗe. To shi wancan makahon direban naku fa? An ce yana hannu. Allah ya sa makullin ya ɓata."

"Bar shi," Inna ta ce a hankali. "Da hannunsa ya ɗauke ni, yana kuka kamar yaro."

A nan ya kamata in buɗe baki. Na buɗe jaka na fito da lemo.

Da likita ya zo zagaye, ya yi bayani a gabana don ya ji an ce ga 'yar kamfani. Ya ce ƙashin ya farfashe. A nan wankewa da naɗewa kawai za su iya. Sai an kai ta babban asibitin ƙashi a sa ƙarfe, kuma da wuri, tun kafin ciwon ya ci nama. Can kuwa ba sa taɓa mutum sai an ga wanda zai biya.

Na kai wa Manaja maganar kamar yadda na ji ta.

"Ba damuwa. Muna da likitanmu, ƙwararre ne, yana hanya. Ki ce musu jibi."

Na ce musu jibi. Da jibi ta zo, aka ce likitan ya tsaya wani aiki, sai wata jibin.

* * *

Kullum da safe in biya kamfani a cika mini jaka, in wuce asibiti. Tun ina zama kamar baƙuwa har na fara wanke kwanuka, ina ɗebo ruwan zafi, ina taya Rediyo juya Inna don kada bayanta ya yi gyambo. Rediyo ba ta taɓa tambayar sunana ba, ta riga ta raɗa mini.

"Kamfani, miƙo kofi. Kamfani, wannan kan naki ko gidan tsuntsu? Zauna nan." Ta danna ni tsakanin gwiwoyinta ta yi mini kitso ƙanana, tana ba ni labarin duk matan kasuwa, wadda ke biya da wadda ke cewa sai ta dawo. Ban taɓa yin ƙawa irinta ba. Wani lokaci sai in manta abin da ya kawo ni, in yi dariya da gaske, sai kuma in tuna, dariyar ta koma ciki.

Da yamma nakan kai wa maigidana abinci. Ran nan na same shi da singileti. Ya ce wani daga kamfani ya zo ya karɓi rigar, wai za a wanke jinin. Bai tambaye ni yaushe zai fito ba. Abin da yake tambaya kullum ɗaya ne: "Kin ji labarin ƙafar matar nan?" Ina cewa ana magani. Shi ma ban faɗa masa da sunan wa nake zuwa ba.

Wata safiya nas tana canja bandeji, Rediyo ta ce, "Sista, yaya kika gani?"

Nas ɗin ba ta ɗago ba. "Muna dai lallaɓa ta."

Na tuna inda na fara jin kalmar, na tuna yadda ta ƙare.

A ranar ƙanin Inna ya zo, wanda Rediyo ke kira Kawu. Babur yake haya da shi. Ya shigo da hular kwano a hannu, ko zama bai yi ba.

"Yaya, na sami mai sayen babur. Yau ɗin nan a ɗauke ki a kai ki can. Wannan zaman jiran gawon shanu ne."

"Kawu, ka sayar da abin da kake ciyar da 'ya'yanka?" in ji Rediyo. "Ga kamfani nan zaune, kullum sai ta zo. Wanda zai gudu yana aiko mutum ya wanke maka kwano? Kamfani, faɗa masa."

Duk suka juyo suna kallona, har matar gadon kusa. Zuciyata ta ce mini: ki ce ya sayar. Wata zuciyar ta nuna mini mijina da singileti a bayan ƙarfe. Na dubi yatsun hannuna.

"Manaja ya ce kada a sayar da komai. Likita na zuwa jibi."

"Ke kin ga likitan nan da idonki?" Kawu ya tambaye ni.

"A'a."

"To."

"Bar babur ɗinka, auta," in ji Inna. "Yarinyar nan ba ta da fuskar ƙarya."

Kawu ya daɗe yana kallona, sannan ya kifa hularsa a kai ya fita.

* * *

Wari ne ya fara faɗar gaskiya. Rediyo ta sayo turare tana fesawa a labule, tana cewa asibitin nan ba sa wanke ƙasa. Matar gadon kusa ta daina dariya, ta juya fuskarta bango. Da aka kwance bandeji na ga yatsun Inna sun yi baƙi kamar an tsoma su a tawada. Jikinta ya ɗau zafi, tana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa.

Ban jira an aike ni ba. Na ɗauki jakar na kama hanyar kamfani, rabi tafiya rabi gudu.

Ina shiga harabar na gan ta. Motar. An wanke ta, an sa sabuwar fitila, ana goge gilashi. Bakanike yana tsugune a gefen taya. Abokin mijina ne, ya sha cin abinci a ɗakinmu.

"Ba ita ce wannan ba?"

"Ita ce. Jiya aka karɓo ta daga wajen 'yan sanda."

"Burkin fa?"

Ya ci gaba da goge hannunsa da tsumma, hannun da ya riga ya goge. "Sabo ne. Tun tana can aka aike ni na canja, kafin masu dubawa su zo. Sun zo sun taka, sun ce lafiya lau, ganganci ne na direba." Ya ajiye tsumman. "Matar abokina, ni ma 'ya'ya gare ni."

Sai a lokacin na gane abin da ake jira. Babu likitan da ke hanya. Mota ake jira ta fito.

Na shiga ofis ba sallama, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Manaja yana tare da wani mai kwat, suna shan shayi. Ba wanda ya ce in zauna.

"Yallaɓai, ƙafar tana wari. Ina likitan?"

"Wace ce wannan?" in ji mai kwat. Daga baya na ji lauyan kamfani ne.

"Matar wancan ɗan hayar," Manaja ya ce.

Ɗan haya. Ban taɓa jin an kira mijina haka ba.

"Ƙanwata, bari in fahimtar da ke," ya ce, muryarsa a sanyaye kamar kullum. "Mijinki ba ma'aikacinmu ba ne. Mota muke ba shi haya, ya yi aiki, ya kawo namu ya riƙe nasa. In kin ba mutum hayar ɗaki ya fita ya mari maƙwabci, mai gida za a kama?"

"Amma ku kuke gaya masa inda zai je. Rigarku yake sawa."

"Riga kyauta ce."

"Ka ce mini namu ne."

"Ai kowa namu ne."

Na tattara duk ƙarfin da Allah ya ba ni na ce, "Kai ka ce ya lallaɓa ta zuwa ƙarshen wata."

Lauyan ya ajiye kofi. "Wa ya ji?"

"Ni."

"A bakin wa?"

"A bakin mijina."

Ya yi murmushi ya ɗauki kofinsa.

"Kin yi ƙoƙari," in ji Manaja. "Ba sai kin ƙara komawa asibiti ba. Jakar nan ma ki bar ta wajen maigadi."

* * *

Da na isa asibiti, gadon Inna babu kowa, an yaye zanin. Matar gadon kusa ta ce zazzaɓin ya yi tsanani, likita ya ce ko ƙafa ko rai, an shiga da ita tun ɗazu.

Na sami Rediyo a barandar ɗakin tiyata, zaune a ƙasa, ta jingina da bango, takalmanta a gefe. Tana ganina ta miƙe.

"Kamfani! Ina kika shiga? Ya zo? Ko yanzu ya zo ai sai a buga musu ƙofa su dakata, ba su daɗe da shiga ba, na ji nas tana cewa..."

Na durƙusa a gabanta. Ban san yadda maganar ta fito ba, amma ta fito.

"Ni ba 'yar kamfani ba ce. Matar direban ce."

Na faɗa mata burki, na faɗa mata jaka, na faɗa mata an ce mijina zai fito in sun yi shiru. Na faɗa mata ban taɓa ganin likitan ba, kuma ranar da Kawu ya zo zuciyata ta gaya mini babu shi. Na sunkuyar da kai ina jiran mari. Da ta mare ni da na ji sauƙi.

Rediyo ta yi shiru. Tun da na san ta ban taɓa jin shirunta ba. Mutane suna wucewa, ana tura gadaje, ita tana tsaye a kaina. Can ta miƙo hannu ta taɓa kaina, inda ɗankwalina ya zame.

"Da hannuna na yi miki kitson nan," ta ce.

Ba ta ƙara komai ba. Ta koma ta zauna inda take, ta juya mini baya.

Ina nan durƙushe Kawu ya iso da gudu, hular kwano a kansa. Ina nan aka buɗe ƙofa aka turo Inna tana barci, an lulluɓe ta da farin zani. Zanin ya tashi a dama, ya kwanta a hagu tun daga gwiwa. Rediyo ta kama ƙarfen gadon ta bi shi. Kawu ya jingina goshinsa da bango. Ni kuwa, yadda aka koya mini, na lallaɓa na fice.

* * *

Washegari da safe na ɗaura ɗankwali na kama hanyar asibiti, hannuna babu komai. A ƙofar ɗakin wata nas da ban sani ba ta tare ni, ta ce lokacin ziyara bai yi ba.

"Ke wace ce tata?"

"Matar direban da ya buge ta ce."

Ban san muryata tana da ƙarfi haka ba. Mata suka ɗago daga gadajensu. Nas ɗin ta dube ni sama da ƙasa, ta matsa gefe. Na bi tsakanin gadajen, ido na bina, har ƙarshe.

Rediyo tana wajen taga tana matse tawul a roba. Ta gan ni, ta ci gaba da matsewa. Inna ta farka, idonta a kan silin. Fuskarta ta ƙara ƙanƙancewa. Na tsuguna a gefen gado na gaishe ta. Ta juyo da kanta wajena.

"Mijin naki ya fito?"

"A'a, Inna."

"Sun ce yaushe?"

"Sun ce ba nasu ba ne."

"To," ta ce. "To."

Fanka tana ta kuka. Na so in ce ta yafe mini, amma na ga kamar roƙon ma wani kaya ne zan ƙara ɗora mata. Can na ga tana motsi, tana yamutsa fuska, tana miƙa hannu ƙasa ba ta kaiwa.

"Tafin ƙafar ke mini ƙaiƙayi tun asuba," ta ce. "Na faɗa wa Rediyo, sai kuka take. Ke sosa mini."

Na kai hannu kan ƙafarta ta dama.

"Ba wannan ba. Ɗayar."

Na dubi Rediyo. Ba ta juyo ba, amma hannunta ya tsaya cikin ruwan. Na matsa ƙarshen gado, na ɗora yatsuna a kan zanin, wurin da babu komai sai katifa, na fara sosawa.

"Ƙasa kaɗan," in ji Inna, ta lumshe ido. "Wajen dunduniya."